Aikin Gayya Na Cikin Kwamfuta: Ta Ina Baƙuwa Za Ta Fara?

 

A wannan mako ina so mu tattauna wani al'amari wanda na san da yawa daga cikinku za su ce, "Wannan kuma ina ruwanmu da shi?" To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci.

Kwanakin baya na je Dagumawa, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, bikin wata 'yar'uwarmu. Ana gobe ɗaurin aure mata suka taru a tsakar gida ana ta aiki, wasu na surfe, wasu na bakace, wasu na tankaɗe, wasu na gyaran kayan miya. Ba wadda aka ɗauko haya, ba kuma wadda aka ce ta nuna takardar shaida. Ina zaune sai ga wata amaryar maƙwabta ta shigo, wadda ba ta daɗe da tarewa a garin ba. Ta gai da kowa, ta ɗan tsaya tana duban yadda a ke yi, sa'an nan ta ɗauki tsintsiya ta share dusar da ta zube a gindin turmi. Ba a jima ba wata dattijuwa ta miƙa mata faifai ta ce, "Ungo 'yar nan, taya ni bakace." Kafin la'asar sai ga ta a bakin murhu ana shawara da ita a kan gishirin miya.

A gidan nan dai na iske 'yar wana, wadda ke karatun ilmin kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Na tambaye ta karatu, sai ta ce, "Gwaggo, karatu dai ana yi. Abin da ke damuna shi ne yayyenmu da suka gama, duk inda suka je neman aiki sai a ce su nuna abin da suka taɓa yi da hannunsu. To, wanda ba a ba shi aiki ba, ina zai samo abin nunawa?" Na ce mata, "'Yata, kin ga amaryar can mai tsintsiya? Wa ya ba ta aiki?" Abin da na gaya mata ran nan shi na ke so in gaya muku yau.

Bari mu fara da wayar da ke hannunki. Duk abin da waya ko kwamfuta ke yi, umarni ne wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta mata, layi bayan layi, shi a ke kira manhaja. Manhaja kuwa iri biyu ce. Akwai ta sama wadda ido ke gani, irin su WhatsApp da wurin kallon hotuna. Akwai kuma ta ƙarƙashi, watau manhajar tushe. Ita ce ke raba wa sauran wurin ajiya, ta tsara wadda za ta yi aiki yanzu da wadda za ta jira, ta kuma yi magana da batir da kyamara da lasifika da gilashin da ki ke shafawa. Ta sama kamar jere ce a ɗakin amarya, ta ƙarƙashi kuwa ita ce harsashin ginin da azararsa. Ba mai zuwa ganin ɗaki ya yabi azara, amma ran da ta karye kowa zai san da ita.

Idan wayarki Android ce, to, manhajar tushen da ke can cikin cikinta sunanta Linux. Wani ɗalibi ne mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, yana ɗan shekara 21. Maimakon ya ɓoye rubutunsa kamar yadda kamfanoni su kan yi, sai ya baza shi a fili, ya ce duk mai shawara ya kawo. A 1992 ya sa shi ƙarƙashin wani lasisi mai suna GPL, wanda Richard Stallman na Amurka ya tsara. Sharaɗin lasisin nan kuwa shi ne, kowa na da ikon ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya raba, har ma ya sayar, amma in ya ba wani abin da ya gyara tilas ya bar masa rubutun a buɗe kamar yadda shi ma ya tarar. Wannan shi a ke nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Mu kuwa a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni muna da sunan irin wannan aiki, shi ne aikin gayya.

Ku dubi inda gayyar nan ta kai. A farkon 2025 rubutun Linux ya haura layi miliyan 40. Kowane mako 9 ko 10 a kan fitar da sabon zubi, a kowane zubi kuwa a kan sami hannun mutum wajen 2,000 daga ƙasashe dabam dabam, fiye da 200 daga cikinsu wannan ne karonsu na farko. Tun daga 2017 kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya dukansu Linux ke tafiyar da su, haka nan kuma mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet.

To, ga ra'ayina, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Mu matan Arewa mun daɗe muna cin tuwon wannan gona ba tare da mun taɓa riƙe fartanya a cikinta ba, alhali kuwa gonar ba ta da shinge. Ba a tambayar takardar digiri, ba a tambayar 'yar gidan wane ce ke, ba a neman ki zo da hanya, ba a ma ganin fuskarki. Aikin da kika aiko shi a ke dubawa. Duk gyaran da aka karɓa kuma sunanki na nan manne da shi a cikin tarihin aikin, kowa a duniya na iya buɗewa ya gani. Amsar tambayar 'yar wana ke nan, ga shaidar da ba sai wani ya ɗauke ki aiki za ki same ta ba. Ga matar aure kuwa, sana'a ce ta cikin ɗaki kamar ɗinkin hula ko saƙa, ba hawa mota, ba kwana a wani gari.

Na san wata za ta ce wannan ai aikin maza ne. A'a, 'yar'uwa. Tun a 1952 wata mace ce, Grace Hopper ta Amurka, ta rubuta ɗaya daga cikin manhajojin farko masu juya umarnin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura ke ganewa. Julia Lawall, mai bincike a Faransa, ita da abokan aikinta suka ƙera wata manhaja mai suna Coccinelle mai farautar kurakurai, an kuwa yi dubban gyare-gyare a Linux ta dalilinta. A 2019 Gidauniyar Linux ta sa Shuah Khan cikin 'yan ƙalilan ɗin manyan masananta, ita ce mace ta farko da ta sami wannan matsayi, ta kuma jagoranci shirin horar da sababbin shiga.

Har ma ga wani abin dariya. A 2014 wata yarinya 'yar shekara 4 ta ga wani kan magana a cikin takardun bayanin Linux an ja masa layi a ƙarƙashi, amma layin bai kai harafin ƙarshe ba. Ta ce harafin nan yana baƙin ciki, an bar shi shi kaɗai. Wani ɗan'uwan iyayenta ya taimaka mata aka aika da gyaran, aka kuwa karɓa da sunanta. Ban kawo wannan don in ce aikin wasan yara ne ba. Aiki ne mai wuya ƙwarai, mutum ya kan yi shekaru kafin ya gwanance. Na kawo shi ne don ku ga ƙanƙantar abin da a ke fara shiga da shi. Ga yadda a ke shiga, daki daki.

Na farko, kayan aiki. Wayar hannu ta isa a yi karatu da ita, amma aikin sosai sai da kwamfuta. Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar kwamfutar cinya 'yar gwanjo, wadda ta fara ja da baya, sau da yawa ta kan farfaɗo idan aka sa mata Linux. Akwai irin su Debian, wadda aka fara a 1993, da Ubuntu, wadda wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Mark Shuttleworth ya kafa a 2004. Dukansu kyauta a ke samunsu. Sa ɗaya daga ciki, ki riƙa aiki da ita kullum, har ki saba da baƙin allon nan da a ke rubuta umarni a cikinsa. Sa'an nan ki koyi abu uku. Ki koyi yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972, domin da shi aka rubuta mafi yawan Linux, ko da ya ke tun 2022 an fara shigar da wani yare mai suna Rust. Ki koyi Git, watau kundin da ke riƙe da tarihin wanda ya canja abu, da ranar da ya canja, da dalilinsa, wanda Torvalds ɗin dai ya rubuta a 2005. Ki kuma gyara Turancinki daidai na karanta bayani da rubuta gajeriyar wasiƙa. 'Yan makaranta, kun ji dalilin da zai sa ku daina gudun darasin lissafi da na Turanci.

Na biyu, ki zaɓi gida ɗaya ki zauna. Ba Linux kaɗai ce gayya ba. Akwai Debian ɗin da na ambata, akwai FreeBSD, akwai QEMU, akwai Git ita kanta, da wasu masu ɗimbin yawa, sau da yawa kuma ƙaramin gida ya fi babba lura da baƙo. Kafin ki zaɓa ki duba: suna da rubutacciyar ƙa'ida ta yadda a ke kawo gudummawa? In sabon shiga ya yi tambaya ana amsa masa? Da wane irin harshe? In kin gamsu, to, ki yi irin ta amaryar nan, kada ki shiga da ka. Ki yi mako biyu ko uku kina karanta ƙa'idodinsu, kina duba gyare-gyaren da aka karɓa da waɗanda aka mayar, da dalilin mayarwar. Kowane gida da al'adarsa. Wadda ta zo yau ta ce za ta sauya wa murhu wuri, ko da gaskiyarta ba mai sauraronta.

Na uku, ki taɓa abin da hannunki. Sauko da rubutun, ki harhaɗa shi a kwamfutarki, ki tayar da shi, ki canja layi guda ki ga abin da zai faru. Akwai dabarar yin kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarki, aikin QEMU ke nan, don ko kin ɓata wani abu ba ki yi asara ba. In kuwa kika ci karo da matsala, ba da rahotonta ma gudummawa ce babba, muddin kin iya bayarwa. Kun san bambancin uwar da ta kai yaro asibiti ta ce, "Ba shi da lafiya," da wadda ta ce, "Zazzaɓin ya fara shekaranjiya da dare, ya yi amai sau biyu, ga maganin da na ba shi." Haka nan a nan. Ki faɗi irin na'urarki, da zubin da ki ke aiki da shi, da abin da kika yi, da abin da kika zata zai faru, da abin da ya faru. A nan ma muna da abin da wasu ba su da shi. Injiniyan da ke zaune a Turai ba kasafai ya ke gwada aikinsa a tsohuwar na'ura, da intanet mai rarrafe, da wuta mai ɗaukewa ana tsakiyar aiki ba. Mu kuwa gwajinmu ke nan na kullum.

Na huɗu, facinki na farko. Gyaran da a ke aikawa sunansa faci, daidai da facin da mu ke yi wa zane in ya yage. A cikin Linux akwai wani sashe da su ke kira staging, wanda ya ke kamar zaure. A nan a ke ajiye direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke tafinta tsakanin Linux da wata na'ura, waɗanda ba su gama gyaruwa ba balle a shigar da su cikin gida. Greg Kroah-Hartman ya daɗe yana kula da wannan zaure, da yawa daga cikin direbobin kuma suna ɗauke da jerin aikin da ya rage a yi musu. Akwai wata 'yar manhaja mai suna checkpatch wadda za ta nuna miki inda tsarin rubutu ya kauce wa ƙa'ida. Mutane da yawa a nan suka ɗauki tsintsiyarsu ta farko.

Ƙa'idodin faci kuwa ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Faci ɗaya, gyara ɗaya, kada ki haɗa shara da wanke-wanke a wasiƙa guda. Ki rubuta dalilin gyaran a taƙaice, domin abin da kika canja kowa na gani, dalilin ne ba a sani ba sai kin faɗa. Ki gwada ki tabbata abin na harhaɗuwa bayan gyaranki. Ki sa hannu a ƙasa da sunan da aka san ki da shi, wanda ke nuna kin amince aikin naki ne, kina kuma da ikon bayar da shi. Akwai wata 'yar manhajar kuma da za ta gaya miki wanda ke kula da wannan sashe, don kada ki kai ƙarar unguwa wurin mai unguwar da ba naku ba. A Linux ta imel a ke aikawa, rubutu zalla ba ado. Shawarata ita ce ki fara aika wa kanki, ki duba ko ya iso lafiya, kafin ki aika wa mutane.

Na biyar, haƙuri da gyara. Ki sa a ranki tun yanzu cewa facinki na farko za a iya mayar miki da shi, watakila har sau biyu ko uku, a gaban kowa kuma. A nan da yawa su ke karaya, musamman mu da aka rena da jin kunyar kuskure a bainar jama'a. Amma gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya zauna ya karanta aikinki layi layi ya nuna miki inda ya karkace, karatu ya ba ki kyauta wanda wasu ke biyan kuɗi su samu. Ki yi godiya, ki gyara, ki sake aikawa, ki rubuta cewa wannan zubi na biyu ne, ga abin da kika canja. In ba ki gane ba ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. In an yi shiru kada ki ce an rena ki, masu dubawar nan wasiƙu ɗaruruwa ke jiransu. Ki jira aƙalla mako guda, sa'an nan ki tuna musu cikin ladabi.

Ba zan rufe ku ba, wasu gidajen sun yi suna wajen kaushin harshe. A 2018 Torvalds da kansa ya nemi gafara a kan yadda ya ke yi wa mutane magana, ya janye daga aiki na wajen wata guda, aka kuma kafa dokar ladabi da kwamitin sauraron ƙorafi. Saboda haka ki bambanta mai sukar aikinki da mai cin mutuncinki. Na farko malami ne, ki riƙe shi. Na biyu kuwa ki kai ƙararsa, in ba a yi kome ba ki kwashe kayanki ki koma wani gida. Wannan ba gidan aure ba ne, ba iddar da za ki yi.

Na shida, wanda ya fi duka, amana. Abin da za ki taɓa ɗin nan yana iya shiga wayar mutum miliyoyi, da kwamfutocin asibiti da na banki. A watan Oktoba na 2020, a wani shiri mai suna Hacktoberfest wanda a lokacin a ke ba da riga ga duk wanda ya aika gyara huɗu, mutane suka yi ta aika shirme don kwaɗayin riga, har masu kula da manhajoji suka kasa aikinsu, tilas aka canja dokar shirin cikin 'yan kwanaki. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta na yin jinkirin rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa wata ɓarauniyar ƙofa a cikin wata manhajar tushe mai suna xz. Wanda ya dasa ta kuwa ya yi wajen shekara biyu yana kawo gudummawa kamar mutumin kirki, har aka ba shi amanar gidan. Don haka in kika ga ana bincikar baƙo da kyau kada ki ji haushi, an taɓa cizonsu ne. Har ila yau kada ki sa na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira su rubuta miki abin da ba ki gane ba ki aika da sunanki. Tun 2024 Daniel Stenberg, mai kula da manhajar curl, ya ke kukan rahotannin ƙarya irin waɗannan da ke cinye musu lokaci. Duk layin da ba za ki iya bayaninsa ba in an tambaye ki, to, kada ki sa masa hannu.

Yanzu bari in nuna muku wata kunya a gonar nan wadda ba mai iya nome ta kamarmu, watau harshenmu. A cikin babbar taskar yaren C ta GNU, wadda mafi yawan kwamfutocin Linux ke dogara da ita, akwai wani fayil na Hausar Nijeriya mai ɗauke da sunayen ranaku da na watanni da alamar naira da yadda a ke jera haruffa. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa, wanda da shi a ke buga ɓ da ɗ da ƙ. Mutane ne suka zauna suka rubuta waɗannan, mutane ne kuma za su duba ko daidai su ke. Injiniyan Jamus kome gwanintarsa ba zai gane bambancin kafa da ƙafa ba, ko na baki da baƙi, amma 'yar aji uku ta Dagumawa da kallo ɗaya za ta gane. Buɗe waɗannan ki karanta, in kin ga kuskure ki gyara, in kin ga giɓi ki cike. In ba mu yi ba, wasu za su yi mana yadda suka ga dama, 'ya'yanmu kuma su tashi da Hausar da na'ura ta koya musu.

To, batun kuɗi fa? Gaskiya ita ce farkon aikin kyauta ne, ba mai biyanki ko anini, duk wanda ya ce miki za ki yi arziki cikin wata uku ƙarya ya ke yi. Amma kuma mafi yawan masu aikin Linux a yau albashi su ke karɓa daga kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat, da yawansu kuwa da aikin sa kai aka fara saninsu. Akwai kuma shirye-shiryen koyon aiki masu biya. Outreachy ta samo asali ne daga wani shiri na jawo mata cikin wannan aiki, Linux ta shiga cikinsa a 2013, aka sa masa wannan suna a 2015. A 2023, shekarar da waɗanda suka ci moriyarsa suka kai 1,000, ana biyan dala 7,000 ne don aikin wata uku daga gida, awa 30 a mako, ga wadda ta kai shekara 18. Akwai kuma shirin Google na lokacin bazara wanda aka fara a 2005, wanda tun 2022 ba sai ɗalibi kaɗai ke shiga ba. Masu nema suna da yawa, gurbi kaɗan ne, abin da a ke dubawa kuwa shi ne facin da kika riga kika aika. A nan gida ma 'yan'uwanmu na Kudu sun riga mu farkawa. Ada Nduka Oyom ta kafa ƙungiyar She Code Africa a 2016, sa'an nan ita da Samson Goddy suka kafa ƙungiyar masu buɗaɗɗiyar manhaja ta Afirka a 2018, suka yi babban taronsu na farko a Ikko a 2020. Abin koyi ne gare mu.

Na san wahalar wuta da tsadar data, ni ma a ƙasar nan na ke. Amma ku lura da wannan. Sauko da rubutun karon farko shi ne mai cin data, akwai kuma hanyar ɗauko zubin ƙarshe kaɗai ba tare da dukan tarihinsa ba. Bayan haka Git ba ta bukatar intanet, kina iya yini kina aiki a ɗakinki, facin da za ki aika kuwa bai kai nauyin hoto ɗaya na biki ba. Ɗaya ta sauko da shi, sauran su kwafa daga wurinta, lasisin ya yarda da haka. Mu da mu ke adashi mu sayi kwano da atamfa, me zai hana mata biyar su yi adashin kwamfuta, ko su haɗu su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matan aure, ku nuna wa maigida wannan shafi, ku yi shawara da shi tun farko. Aikin nan a fili a ke yinsa, duk wasiƙar da kika aika shi ma yana iya karantawa. Ki nemi awa ɗaya tak a rana, bayan an gama aikin safe ko bayan yara sun yi barci, awar nan da mu ke ɓatarwa wajen kallon rawar 'yan waya. Iyaye mata kuma, yarinyar da kika ga tana son kwance rediyo ta ga cikinsa, kada ki kashe mata gwiwa, ki rage mata talla da aike ta sami lokacin karatu. Ku 'yan mata kuwa ku kiyaye. Aikin nan ba ya bukatar hotonki, ko lambar wayarki, ko kwatancen gidanku. Duk wanda ya ja ki gefe da zance mai daɗi, ko ya ce ki biya kuɗin rajista ya shigar da ke Outreachy ko shirin Google, ɗan damfara ne, domin ba a biyan ko kwabo.

Na baro 'yar wana a Dagumawa da alkawari uku. A wannan wata za ta sa Linux a kwamfutarta. A wata mai zuwa za ta zaɓi gida ɗaya ta karanta ƙa'idodinsa, ta harhaɗa rubutunsa da hannunta. Kafin ƙarshen zangon karatu kuma za ta aika faci guda, ko da na gyaran harafi ɗaya ne, in an mayar mata ta sake aikawa. Na ce in an karɓa ta buga mini waya, tukwicinta na wurina. Wannan alkawari shi na ke nema daga gare ku. Duk wadda ta gwada, ko an karɓa ko an mayar, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda ta kasance, don 'yan'uwa su ƙaru.